Awa 34 a kan keken guragu

Kafin in zo Winnipeg karatun aikin jinya, abin da na sani game da 'yan asalin Kanada, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, bai wuce abin da na gani a labarai ba: mutum kwance a bakin titi da kwalba a gefensa, ko rahoton wani ƙauye da matasa ke kashe kansu. Duncan McCue, ɗan jarida ɗan ƙabilar Anishinaabe, ya ce wani dattijo ya taɓa gaya masa cewa ɗan asalin ƙasa ba ya shiga labarai sai in yana kiɗa, ko rawa, ko ya yi maye, ko ya mutu.

A aji na fara jin sunan Brian Sinclair, wani ɗan asalin ƙasar. A watan Satumba na 2008 ya zo sashen gaggawa na babban asibitin birnin nan a kan keken guragu, ƙafafunsa biyu a yanke, da takardar likita a aljihunsa. Robar fitsarinsa ce ta toshe, aikin da ba ya ɗaukar wani lokaci. Ya zauna awa 34. Ya yi amai, aka goge. Masu jiran layi suka yi wa masu gadi magana. Da aka waiwaye shi har gawa ta sandare, yana da shekara 45. A wajen bincike ma'aikata suka ce sun ɗauka maye ya yi yana barci, ko kuwa mara wurin kwana ne ya shigo fakewa.

Daga ina suka ɗauko wannan zato? Wallahi ina ganin daga inda na ɗauko nawa ne.

Jaridu sun iya lissafa masu ciwon suga a cikin 'yan asalin ƙasar, amma ba kasafai suke haɗa shi da yara kusan 150,000 da aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana, inda yunwa ta ci su, ba. Mutanen Neskantaga, wani ƙauyen 'yan asalin ƙasar a arewacin lardin Ontario, tun 1995 ake ce musu su tafasa ruwan famfo kafin su sha. In an cire wannan, sai ya zama kamar halin mutanen ne ya jawo musu ciwo.

Makon jiya, a wurin da nake koyon aiki, na ga wani tsoho ya sunkuyar da kai a kujerar jira, hularsa ta rufe masa ido. Abin da zuciyata ta fara raya mini shi ne ya sha ne. Na ji kunya ta kama ni. Na je na durƙusa a gabansa, na gaishe shi, na tambayi sunansa da tun yaushe yake zaune.