Yadda na koyi mota a Garwa, da ranar da na sauko Falez

Sai da na cika shekara 36 sannan na fara zama bayan sitiyari. Kafin nan babur ne abin hawana, kamar yawancin mutanen Garwa, a nan arewacin Kamaru. Ciwon gwiwar mahaifiyata ne ya sa na sayi tsohuwar Toyota Corolla, don ta kai matsayin da ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau babur idan za a kai ta asibiti. Motar ta yi wata guda a ƙofar gida tana shan ƙura, ba mai ja.

Na yi rajista a makarantar koyon tuƙi, wadda mu nan muke kira oto-ekol. Lasisin ƙaramar mota, wato permi na rukunin B, sai mutum ya kai shekara 18 ake ba shi, kuma jarrabawar kashi biyu ce: ta dokokin hanya a takarda, da ta tuƙi a cikin mota. Mutum biyu sun same ni daban-daban suna cewa kada in wahalar da kaina, akwai hanyar da takarda za ta fito ba tare da na zauna a aji ba. Na ƙi, kuma ina roƙon duk mai koyo ya ƙi. A ajin nan na fara jin cewa a mahaɗar da babu alama, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya. Shekara 15 ina kan babur ban san wannan ba, Allah ne kawai yake tsare ni.

Amma ƙafata a hannun kawuna ta nuna. Ƙanen mahaifiyata ne, ya yi fiye da shekara 30 yana jan babbar mota tsakanin Ngaundere da Kusiri kafin idonsa ya raunana. Bayan sallar asuba muke fita wani fili a bayan gari, kafin rana ta buɗe. Mako guda cur bai bar ni na taɓa totur ba. Kuloci kawai. In taka shi har ƙasa, in sa giya ta ɗaya, in riƙa ɗago ƙafa kaɗan-kaɗan har in ji motar ta fara rawa tana neman tashi, sai in tsaya a nan. Idan ta mutu, in sake. Rana ta huɗu na gaji na ce, "Kawu, yaushe za ku bar ni in yi tafiya?" Ya ce, "Ɗana, tafiya ko yaro ya iya. Ka fara sanin inda motar take kamawa." Daga baya ya kai ni wani ɗan tudu, ya sa na yi ta tashi da birkin hannu har na daina komawa baya. Ribas da ajiye mota a gefen titi ba su ba ni wahala ba bayan wannan.

Shiga gari shi ne wani karatun. Babura ta ko'ina suke ɓullowa, ta hagu da ta dama, wani lokaci ta ɗan tsakanin da ka rantse ko akuya ba za ta bi ba. Da yake ni ma ɗan babur ne, na san ba mugunta ba ce, neman abinci ne da sauri. Abin da ban sani ba shi ne madubi ba ya nuna komai. Akwai wani gefe daf da ƙofar baya da babur zai ɓace maka gaba ɗaya, don haka kafin ka karya kwana sai ka kunna sigina da wuri, ka dubi madubi, sannan ka waiga da kanka. Ranar Lahadi kuwa, idan kasuwar Pitowa tana ci, mukan bi hanyar don in saba da shanu. Kawu yakan ce idan saniya ɗaya ta tsallaka kada in yi murna, 'yar'uwarta tana tafe. Malaminmu na aji ya taɓa yi mana lissafi a allo: mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, kuma kusan daƙiƙa ɗayan nan ce ke wucewa tsakanin ganin abu da kai ƙafa kan birki. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ja kafin mota ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Tun ranar nake barin tazara mai yawa tsakanina da na gabana, ko da na baya zai cika mini kunne da hon.

Wata uku bayan na karɓi permi, ƙanwata ta taso daga Yawunde a jirgin ƙasa da 'ya'yanta biyu da kaya, na ce ni zan je Ngaundere in ɗauko su. Kawu ya ce zai raka ni. Zuwa lafiya lau. A dawowa ne muka iso Falez, gangaren nan mai kwana-kwana inda hanya ke saukowa daga tudun Adamawa zuwa ƙasar kwarin Binuwai, kafin a kai Mbe. Mota cike, but a danƙare. Kawu ya ɗan gyangyaɗa, ni kuma na bar ta a giya ta huɗu, ƙafata a kan birki ba ɗagawa, ina ganin hakan ne taka-tsantsan. Can sai wani wari kamar na ƙonannen roba ya shigo, na ji birkin ya fara laushi, ina takawa yana nutsewa fiye da yadda na saba. Gabana ya faɗi. Yaran suna baya suna barci.

Warin ne ya tashe shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sa ta uku. Saki kuloci a hankali. Yanzu ta biyu." Injin ya yi ƙara kamar zai fashe, amma motar ta rage gudu da kanta, na samu wani fili a gefe na tsaya. Ya sauka ya sa dutse a gaban taya, ya hana ni zuba wa ƙafafun motar ruwa, ya ce ƙarfe mai zafi idan ya sha ruwan sanyi lanƙwashewa yake yi. Muna zaune a inuwa ya yi mini bayani. Birki gogayya ce, gogayya kuma zafi take haifarwa. Idan ka danne shi tsawon gangara, takalmin birkin zai yi zafin da ba zai iya kamawa ba, man birki ma yana iya tafasa, sai ka taka ka ji wayam. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko, injin ya riƙe motar, birki kuwa ka taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki ya sha iska. Ya ce masu sa mota a firi, wato su cire giya a gangara, wai don tattalin mai, ya ga ƙarshen da yawansu a ƙasan ramukan nan, wasu abokan aikinsa ne.

An faɗa mana wannan a aji, na ma rubuta shi a littafi. Ƙafata ce ba ta taɓa yi ba. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya koyi mota a shimfiɗaɗɗen gari irin namu, kafin ya ɗauki iyali zuwa Ngaundere, ya nemi tsohon direba su sami gangara ko ƙarama ce, ya yi ta sauko da giya daga ta huɗu zuwa ta biyu har hannunsa ya riƙa yi ba tare da tunani ba.

Mun yi kamar minti 40 a wurin. Da birkin ya huce, na miƙa wa Kawu makulli na ce, "Ku ƙarasa da mu." Ya girgiza kai, ya koma kujerarsa ya ɗaura bel. Na sauko sauran gangaren a giya ta biyu, manyan motoci biyu suna biye da ni a hankali, har muka shiga Mbe muka tsaya sallar azahar.