Ranar da bagaruwa ta ruɗe ni a ɗakin gwaji

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, nan Sakkwato, aka ba ni aikin gwada zogale, zoɓo da bagaruwa. Na sayo su a Tsohuwar Kasuwa, na shanya a inuwa, na daka, na jiƙa a etanol.

Gwajin farko ko da ido ana gani. Sinadarin DPPH launin shunayya gare shi; in ka ɗiga masa ruwan tsiro mai kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, sai ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa. Bagaruwa ta koɗar da shi tun ban ajiye kwalbar ba.

Na biyun shi ne na tayirosines, sinadarin da ke fara haɗa melanin, wato abin da ke ba fata duhunta. Danginsa ne ke rina goro in an ɓare shi iska ta buge shi. Namu daga naman kaza, wato laimar kwaɗi, aka ciro shi, muna auna ƙarfin tsirranmu da asid ɗin kojik, sinadarin da aka san yana tsayar da tayirosines. Nan ma bagaruwa ta tsayar da shi cak. Ranar har na fara raya sunan man shafawar hasken fata da zan fitar.

Na kai wa Malam takarda ina washe baki. Ya duba, ya ce, "Ɗiyata, kin taɓa zuwa majema?"

Na ce na taɓa, warin ma bai bar hancina ba.

"To, da me suke jeme fatar jar akuya?"

Sai jikina ya yi sanyi. Bagaruwa cike take da tanin, shi kuwa tanin duk furotin da ya tarar damƙe shi yake yi, abin da ke mai da ɗanyar fata kirgi ke nan. Tayirosines ma furotin ne. Ashe jeme shi na yi a kwalba, ba wani sirri na gano ba. Da na cire tanin da jelatin, wani furotin da tanin ke damƙewa, na sake gwadawa, rabin alfaharina ya bi ruwa.

Har yau ƙanwata na naci in haɗa mata "na gargajiya", wai ba ya illa kamar man bilicin. Nakan tuna mata ranar watan Afrilu a garin nan, zafi ya haura digiri 40, melanin ɗin da take son kora shi ke tare mata hasken ranar. Jiya ma ta sake aiko da saƙo.