Godiya ta musamman ga ikilisiyarmu

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu. Tun ranar Asabar nake so in rubuta wannan saƙo amma duk sanda na ɗauki waya sai hawaye su hana ni, yau dai na daure.

Waɗanda suka san ni sun san halin da muka shiga tun da maigidana ya kwanta ciwo har Ubangiji ya kira shi gida. Yara uku ya bar min, ɗan abin da muka tara duk ya tafi a asibiti da magani, ga hutu ya ƙare ana ta shirin komawa makaranta ni kuwa ko littafin rubutu guda ban saya ba. Babbar 'yata da bakinta ta ce Mama ki bari in zauna a gida wannan zangon ƙannena su je. Yarinya 'yar shekara 13 fa! Daren nan ban runtsa ba.

Da aka yi sanarwa a coci cewa za a raba kayan abinci da kayan makaranta, masu bukata su ba da suna, gaskiya ban bayar ba. Kunya ta hana ni, ni da a da nake cikin masu kawowa. Ranar rabon ma ban leƙa ba, na rufe ƙofata na zauna. Ashe Mama Fasto ta duba takardar ba ta ga sunana ba, bayan rana ta faɗi sai ga ta da mata biyu daga zumuntar mata da wasu matasa ɗauke da kaya. Ba ta yi min dogon bayani ba, hannuna kawai ta riƙe ta ce 'yata wannan naki ne, kar ki ce komai.

Baba Fasto, na gode da wa'azin da kuka yi mana daga Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci na kullum har aka zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanus, su kula da aikin. Kun ce kada dikinoni su jira sai an zo an roƙa, su tashi su nemi wanda ya yi shiru. A lokacin ban san da ni kuke ba.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ba wanda ya ɗaga waya ya ɗauke mu hoto, ba a tsayar da yarana a gaban jama'a riƙe da jaka ana tafi ba. Wanda bai taɓa karɓar taimako ba ba zai gane girman wannan ba, yunwa da zafi amma tonon asiri ya fi ta zafi. Maƙwabciyata ma da ba cocinmu take ba an kai mata nata, ba a tambaye ta komai ba sai yawan yaranta.

Dattawan ikilisiya, mawaƙan coci, matasan da suka yini suna ɗaure kaya, da ku da kuka saka baikonku a ɓoye ban san sunanku ba, Ubangiji da yake gani a ɓoye ya sāka muku, ya tsare muku 'ya'yanku, kada ya bar tukunyarku ta bushe.

Kowane yaro ya samu jaka da littattafai da biro da fensir da rula, har da takalmi. Na autana ya ɗan yi masa yawa, muka cusa takarda a ciki, duk da haka ya ƙi cirewa, da jakarsa a ƙirji ya yi barci. Jiya Litinin su ukun duka suka tafi makaranta, babbar ce a gaba riƙe da hannun ƙaramin.