Labarin da na kafa a bakin kogin Kaduna

Na daɗe ina son rubuta labarin Musulmin da ya auri Kirista. Irin wannan aure yana nan a cikinmu, littattafanmu na soyayya ne ba sa son taɓa shi. In ma sun taɓa, sai ka tarar a babin ƙarshe amarya ta musulunta, kowa ya huta. Ni ban bi wannan hanyar ba. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta wa Musulmi auren mace Ahlul Kitabi, to me zai sa labari ya ƙi ƙarewa sai ta bar addininta?

A Kaduna na ajiye su, bayan rikicin shari'a na 2000, lokacin da Musulmi da yawa suka tattara zuwa Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci suka haye kogi zuwa su Sabon Tasha. Mijin ɗan Tudun Wada ne, matar 'yar Wusasa ta Zariya, inda Hausawa Kiristoci suke tun zamanin Dakta Miller, Baturen mishan. Da gangan na sa ta Bahaushiya. Da Hausa take karanta Littafi Mai Tsarki, har ƙasa take durƙusawa ta gaida surukarta. Ba mai iya ce mata bare.

Da na shiga aikin sai na gane ɗaurin aure ba shi da wuyar rubutawa. Ranar suna ce ta riƙe ni. An raɗa wa yaro suna, an yanka rago, kakarsa ta wajen uwa tana zaune a tsakar gida da wani sunan a ranta wanda ba za a kira ba. Ban bar kowa ya yi wa'azi a wurin ba. Hajiya, uwar mijin, ita ce ta miƙa mata jaririn ta ce, "Ga angonki nan." Tsohuwar ta rungume shi ta kira shi da sunan nata, ya zame masa laƙabi a gidajen biyu.

Wata ƙawata da ta karanta ta ce in mayar da su Abuja su zauna lafiya. Na ƙi. Uwarsa tana Tudun Wada, kabarin ubansa yana can, ita kuma ba ta iya Kirsimeti in ba a Wusasa ba. Sai na kama musu haya a Barnawa, yana tsallaka gada kullum ya gaida tsohuwarsa.

Babin da ya fi sa ni tambayar malamai shi ne na gado. Ba ta gadonsa, shi ma ba ya gadonta, amma yana da damar yi mata wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Na sa ya rubuta wasiyyar a gaban ƙannensa biyu, tun yana da lafiyarsa, don kada a kore ta daga gidan bayan ransa.