Tafiyata Kamba da labarin 'yan fasa-ƙwaurin zamanin Turawa

Da hantsi motarmu ta tashi daga Birnin Kebbi, muka bi ta Kalgo da Bunza, fadamun shinkafa na ta wuce mu. Muna matsawa kan iyakar Nijeriya da Nijar shingaye na ƙara yawa, na kwastan daban, na 'yan sanda daban. Kafin mu shiga Kamba har na gaji da jin "direba buɗe but".

Masaukina gidan wani abokin mahaifina ne, dattijo da ya tsufa a fatauci. Bayan la'asar muna zaune a zaure na ce, "Baba, wai zamanin Turawa idan an kama mutum da kayan ƙetare me ake yi masa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, sai ka fara tambaya wa ya kama shi, Ingilishi ko Faransi."

Iyakar nan ba tsohuwa ba ce. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka raba yankin, suka gyara rabon a 1904 da 1906, sannan daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi. Tun kafin su zo, jakuna na sauko da gishirin Foga zuwa kasuwar Jega, ayarin goron Gwanja kuma na ƙetare kogin Kwara ta wajen Illo. Wanda jiya sunansa falke, yau ya wayi gari mai laifi, alhali hanyar kakanninsa ce yake bi.

A ɓangarenmu, in ji Baba, abin da Bature ya fi sa wa ido bindiga ce da albarushi da barasa, domin yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta taƙaita shigo da makamai, an kuma haramta kawo barasar Turawa ƙasar Arewa don sayar wa 'yan ƙasa. Mai irin wannan kaya Di'o ko Razdan ne ke yanke masa hukunci a kotun lardi, inda lauya ba shi da ikon tsayawa, har aka rushe irin kotunan a gyaran 1933. Mai gishiri ko tufa kuwa, dogarai ko 'yan doka kan kai shi gaban hakimi, a ci shi tara. Abin da fatake suka fi tsoro shi ne ƙwace kaya da dabbobi. Ɗauri yana ƙarewa, amma wanda aka yi gwanjon jakunansa ya koma gida da bashi, kuma ba mai sake ba shi amanar kaya.

Can Gaya, a ɓangaren Nijar da ke hannun Faransi, lamarin ya fi tsanani. Kumandan na da ikon kulle baƙar fata ba tare da shari'a ba, da farko har kwana 15, kuma sai 1946 aka soke wannan doka. Ga aikin tilas a kai. Shi ya sa gidaje da yawa suka kwaso iyali suka dawo ƙasar Argungu da Gwandu. Ni dai ban ga adalci a ko ɗaya ba, tunda a duka biyun wanda ya kafa dokar shi ne mai hukunci, sai dai na Ingilishi ya iya sa rawani a gaba ya tsaya a baya.

Baba ya ce mahaifinsa ya fi yawan ba da labarin yaƙin Hitila. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar na hannun gwamnatin Bishi, wato gwamnatin Faransa mai bin Hitila, aka rufe iyaka, tufa ta yi wuya a can, mutane suka riƙa fiton dare. A lokacin wanda aka kama ba fasa-ƙwauri kaɗai ake tuhumarsa ba, har da leƙen asiri.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Dole Kaina a bakin Kwara, garin da iyaka ta ratsa, Nijeriya nan, Nijar can, Benin a tsallaken ruwa. Yaron da ya ɗauke ni ya ce rufewar iyaka ta Agustan 2019 da ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 duk a idonsa aka yi. Na tambaye shi ko an taɓa kama shi. Ya ce sau ɗaya, da jarkokin fetur, kuma bai je kotu ba, mashin ɗin ne bai sake gani ba. Mashin ɗin da muke kai na wansa ne, kullum da yamma yake kai masa balas.