Zoben Kakata da Dutsen Watan Yuni

A cikin kayan da na gada daga kakata akwai wani zoben azurfa mai ƙaton dutse, wanda ta tsaraba wa kanta daga aikin Hajji tun kafin a haife ni. Da rana launinsa shuɗi-shuɗi ne mai ratsin toka, amma idan aka ɗauke wuta a lokacin zafin Yamai muka kunna fitilar ƙwai, sai ya koma shunayya mai ja-ja. Muna yara mukan yi rububin kama hannunta don mu ga wannan abin al'ajabi. Da na girma na karanta labarin dutsen da ake kira alekzandirit, har na ga an ce shi ne dutsen waɗanda aka haifa a watan Yuni irina, sai na sa wa raina cewa dukiya ce ke ajiye a akwatina.

Dutsen ya cancanci a yi marmarinsa. An fara gano shi a shekarun 1830 a wuraren haƙar zumurrud na tsaunukan Ural da ke Rasha, aka kuma raɗa masa sunan yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki Alekzanda na Biyu. Kore ne a hasken rana, ja ne a hasken kyandir, kuma da yake waɗannan su ne launukan sojan daular Rasha, manyan ƙasar suka rungume shi hannu bibbiyu. Sirrin yana cikin ɗan sinadarin kuromiyam da ke jikinsa, wanda ke shanye hasken da ke tsakanin kore da ja, ya bar biyun suna takara. Hasken rana yana rinjayar da kore, harshen wuta kuma yana rinjayar da ja. Ƙarancinsa ma yana da dalili, domin ba ya samuwa sai sinadaran beriliyam da kuromiyam sun haɗu a wuri guda, alhali kuwa ba kasafai ake samun su cikin irin duwatsu ɗaya ba. Bayan na Rasha ya yi ƙaranci, an same shi a Siri Lanka da Tanzaniya da Madagaska da Indiya, sannan a 1987 aka ci karo da mai kyau ƙwarai a Hematita, cikin jihar Minas Gerais ta Barazil. Taurinsa 8.5 ne a ma'aunin Mohs da ya tsaya a 10, saboda haka yana jure sawar yau da gobe.

Da wannan zumuɗi na kai zoben wurin wani dattijon maƙerin zinariya da ya daɗe yana yi wa gidanmu aiki. Ya sa madubin ƙara girma a ido, ya juya dutsen a bakin ƙofa, ya kunna ashana ya sake dubawa, sannan ya ɗago ya ce: "Ƴata, wannan haɗin masana'anta ne. Da na ainihi ne mai wannan girma, da Hajiya ba ta shiga kasuwa da shi a yatsa ba."

Maganar ta sosa mini rai, amma gaskiya ya faɗa. Tun farkon ƙarni na 20 ake haɗa wani dutse dangin yaƙutu, a zuba masa sinadarin banadiyam don ya riƙa sauya launi, kuma an sayar wa matafiya da shi ba adadi da sunan alekzandirit. Alamarsa ita ce ba ya yin koren gaske da rana, ga shi kuma garau ba tabo, ga girma, ga araha. Na ainihi kuwa, samun mai kyau da ya haura karat 1, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram, abu ne mai wuya, kuma kuɗinsa yakan yi gogayya da na daimon. Akwai ma wanda ake renonsa a ɗakin gwaji da ainihin sinadaran na ƙasa, wanda ido kaɗai ba ya rarrabe shi. Don haka duk wadda aka yi wa tallar wannan dutse a intanet ko a hannun ƴan Dubai, ta nemi takardar shaidar gwaji kafin ta fitar da ko dala, kuma ta duba shi a rana da kuma gaban kyandir, domin farin ƙwan lantarki na zamani ba ya fito da jan yadda ya kamata.

Batun dutsen watan haihuwa ma al'adar Turawa ce, kuma sai a 1952 masu sayar da kayan ado a Amurka suka shigar da alekzandirit cikin na Yuni. Kakata ba ta san watan haihuwarta ba, shekara kawai aka ƙiyasta mata a takarda, kuma adon da ta tashi da shi murjani ne da tsakiya. Ta sayi zoben ne don ya burge ta, ba ta kuma taɓa ce wa kowa mai tsada ne ba. Na roƙi maƙerin ya rage mini faɗinsa ya wanke azurfar, kuma shi zan sa a bikin ƙanwata bayan Babbar Salla.