Abin da babbar rigar malami ta koya mini game da kyamarar Kinect

A shekarata ta ƙarshe a sashen injiniyan lantarki, na zaɓi in haɗa na'urar da za ta ba mutum damar kunna fitila da fanka da talabijin ta hanyar ɗaga hannu kawai, ba tare da ya taɓa makunni ko rimot ba. Kakana nake tunawa a lokacin, domin ciwon gwiwa ya kai shi ga cewa tashi daga kujera zuwa jikin bango ya zame masa aiki babba. Idon na'urar kuwa wata tsohuwar kyamarar Kinect ce da na saya a hannun wani mai gidan wasan gem da ya daina amfani da ita.

Kamfanin Microsoft ne ya fitar da Kinect a watan Nuwamba na 2010 domin na'urar wasansa ta Xbox 360, kuma cikin kwana 60 na farko an sayar da guda miliyan 8, abin da ya shigar da ita kundin bajinta na Guinness. Sai dai dabarar auna nisa da ke cikinta ta fito ne daga wani kamfani na Isra'ila mai suna PrimeSense. Yadda take aiki shi ne abin da ya fara burge ni. Akwai wata 'yar fitila da ke watsa dubban ɗige-ɗigen hasken infirared, wato hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, a kan duk abin da ke cikin ɗaki. Can gefe kuma akwai kyamara da ke ganin wannan haske, kuma da yake na'urar ta riga ta san yadda ɗige-ɗigen ya kamata su jeru, gocewar kowane ɗigo daga mazauninsa ita ke gaya mata nisan abin da ya sauka a kai. Tana yin wannan lissafi sau 30 a kowace daƙiƙa, sannan manhaja ta ɗauki siffar da aka samu ta zana ƙwarangwal mai gaɓoɓi 20, daga kai da kafaɗu har zuwa idon sawu.

Ɗalibi irina bai isa ya taɓa wannan fasaha ba in ba don wani abu da ya faru kwanaki kaɗan bayan fitowarta ba. Kamfanin Adafruit ya sa ladar dala 3,000 ga duk wanda ya iya sa Kinect ta yi aiki da kwamfuta, wani matashi ɗan Sifen mai suna Héctor Martín ya cinye, kuma a 2011 Microsoft da kansa ya fitar da kayan aikin da masu rubuta manhaja za su yi amfani da su. Da waɗannan kayan na yi wata huɗu ina aiki, kuma kusan duk gwajin da na yi, da dare na yi shi, a ɗakina, ina tsaye, sanye da 'yar riga mai kama jiki. A wannan yanayi na'urar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ranar kare aikin an sa mu a wani ɗakin karatu mai manyan tagogi, da misalin ƙarfe biyu na rana. Ina kunna na'urar na ga hoton nisan ya cika da baƙaƙen ramuka a ɓangaren da rana ke shigowa, domin hasken rana yana ɗauke da infirared mai yawan da ke shanye ɗige-ɗigen fitilar, kamar yadda hasken ashana ke ɓacewa da tsakar rana. Na roƙi a ja labule, abin ya ɗan daidaita. Daga nan sai malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya miƙe, ya ce shi ma zai gwada, alhali yana sanye da babbar riga da ta sha sitaci. Da ya ɗaga hannu, sai rigar ta buɗe kamar fiffike, ƙwarangwal ɗin da ke kan allo ya rikice, gwiwar hannu ta koma ƙugu, fanka ta kunna kanta ta kashe har sau uku. Ya dube ni ya ce, "Ɗan samari, wa ka ce ka yi wa wannan aikin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kakana." Ya ce, "Shi kakan naka a tsaye yake wuni, kuma singileti yake sawa?" Ban sami amsa ba.

Laifin nawa ne, domin waɗanda suka ƙera na'urar ba su ɓoye cewa don falo suka yi ta ba, inda mai wasa zai tsaya 'yan mitoci daga talabijin, nesa da hasken rana. Manhajar da ke gane gaɓoɓi, wadda masu bincike na Microsoft a Kambirij ta Ingila suka yi aiki a kanta, an horar da ita ne da ɗimbin hotunan siffofin jiki da kwamfuta ta zana, kuma tana neman hannu da ƙafa a inda siffar jiki ta nuna su. Babbar riga da hijabi da zani suna haɗe gaɓoɓi su mai da mutum dunƙule ɗaya. Abin da na fahimta a ranar shi ne kowace ƙirƙira tana zuwa ɗauke da ɗakin da aka ƙera ta a cikinsa, da haskensa da tufafin mutanensa da yadda suke zama, kuma aikin injiniyan da ya karɓe ta shi ne ya fara da tambayar ina ɗakin nan ya bambanta da nasa. Ni kuwa ban yi tambayar ba, saboda ɗakin gwajina ya yi kama da nasu bisa katari, na ɗauka kuma gwanintata ce.

Abin takaicin shi ne na taɓa ganin irin wannan darasi shekara guda kafin nan, lokacin da na yi wata shida ina aikin sanin makama a wani shagon gyaran waya. Kullum sai an kawo wayoyin da aka ce gilashinsu ba ya karcewa, amma ga shi duk zane-zane. Gilashin Gorilla na kamfanin Corning, wanda aka fara sawa a iPhone ta farko a 2007, ana ƙarfafa shi ne ta hanyar tsoma shi cikin narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kusan digiri 400. Ƙwayoyin sodiyam da ke saman gilashin suna fita, na fotasiyam da suka fi su girma su maye gurbinsu, sai saman ya cunkushe ya matse, tsaga ta kasa samun hanyar bi. Kamfanin ya san wannan dabara tun shekarun 1960, amma sai da wayar shafa ta zo kafin ta sami babbar kasuwa. Makulli da kwabo ba sa yi wa irin wannan gilashi komai, amma yashi yana yi, domin ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri. Maigidana a shagon, wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba, yakan ce wa masu waya su daina goge fuskarta da gefen riga a lokacin hunturu, su fara hure ƙurar tukuna. Ya san abin da ke cikin aljihun mutanenmu, ni kuwa sunan sinadarin kawai na haddace.

Akwai kuma wani abu da sai bayan na gyara aikin na gane shi, wato ɗaga hannu a iska yana gajiyarwa, kuma iska ba ta gaya wa yatsa cewa umarni ya shiga kamar yadda makunni ke yi idan ya ce ƙas. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa sarrafa na'ura da motsin hannu bai zauna da gindinsa ba, duk da cewa an gwada shi a wayoyi irin su Galaxy S4 a 2013 da LG G8 a 2019. Ita kanta Kinect an daina ƙera ta a watan Oktoba na 2017. Amma dabarar ɗige-ɗigen ba ta mutu ba, domin Apple ya sayi PrimeSense a 2013, kuma a 2017 ɗin nan iPhone X ta fito da Face ID, mai watsa ɗigo sama da 30,000 a kan fuska don buɗe waya. An ƙanƙance abin da ke auna falo guda ya koma auna fuska a nisan hannu, inda fitilar ke kusa sosai har rana ba ta cika rinjayarta ba, kuma ba a bukatar mutum ya yi komai illa ya dubi wayarsa, abin da dama zai yi.

An ba ni mako uku in gyara aikin. Na daina dogara da ƙwarangwal gaba ɗaya, na sa manhajar ta riƙa bin abin da ya fi kusa da kyamara, wanda galibi tafin hannu ne idan an miƙo shi, na kuma ƙara wata 'yar ƙara da ke sanar da cewa umarni ya shiga. Na gwada shi da abokai masu kaftani da ƙanwata mai dogon hijabi, a zaune da kishingiɗe, da safe da yamma, kuma ya ci jarrabawa. Da na kai wa kakana, ya yi kwana biyu yana gwadawa don ya faranta mini, a rana ta uku ya ce in jawo masa wayar lantarki daga bango in ɗaure makunnin a hannun kujerarsa. Na yi masa hakan cikin rabin sa'a.